A Naɗa Gagararren Yaro Monita, Gyara Ne Ko Ba Kura Ajiyar Nama?

Malamar Aji Biyar: Assalamu alaikum, malamai. Ina da wani yaro ɗan shekara 12, kullum yana bencin baya. Ba ranar da ba ya tsokanar wani. Bulala, kamun kunne, tsallen kwaɗo, duk na gwada, kamar ina ƙara masa. Wata abokiyar aikina ta ce irin waɗannan yaran raina kansu suke yi, wai in naɗa shi monita zai nutsu. Me kuka gani?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Malama, wannan ai ba kura ajiyar nama ne. Yaron da ya cika aji da hayaniya shi ne ya raina kansa? Ni girman kai nake gani. Kuma me za ki ce wa yarinyar da ta yi zango guda ba ta yi laifi ba, ta ga an ɗauki muƙami an ba mai dukanta?

Anti Mai Ba Da Shawara: Kafin a je ga monita, ina da tambaya. Wane lokaci ya fi tada hankali? Kuma yana iya karatu?

Malamar Aji Biyar: Anti, sai yanzu da kika tambaya na lura. Idan ana karatu a bayyane, layi bayan layi, kafin a zo kansa sai ya ja faɗa da na kusa da shi, ni kuma in kore shi waje. A lokacin wasanni ko shara ba ni da matsala da shi.

Anti Mai Ba Da Shawara: To kin gani. Korar nan da kike ɗauka horo, ita yake nema. Ya gwammace 'yan aji su ce masa gagararre da su ce masa daƙiƙi. Gagararre ana tsoronsa, daƙiƙi dariya ake yi masa.

Malamin Lissafi: Anti, kin mai da kowane fitinanne abin tausayi. Akwai wanda ya iya karatu sarai, kuma shi ne shugaban masu cin zali.

Malamin Kwalejin Ilimi: Malam yana da gaskiya a nan, kar a danne shi. A 1986 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa kwamiti musamman don ɗaga ƙimar da mutane ke ba kansu, da tunanin hakan zai rage faɗuwa a makaranta da aikata laifi. Makarantu suka dinga yabon yara a kan komai. A 2003 Roy Baumeister da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kai, suka ga ƙimar kai ba ita ke haifar da ƙoƙari a karatu ba, galibi ƙoƙarin ne ke zuwa da ita. Masu cin zali ma da yawansu ganin kansu suke yi a sama. Saboda haka cewa yaro "kai gwani ne" alhali ya san bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ya san ƙarya kake masa.

Anti Mai Ba Da Shawara: Ban ce a yi masa yabon banza ba. Amma Malam, ka faɗi ɗaya ɓangaren ma. Binciken da Rosenthal da Jacobson suka yi a kan zaton da malamai ke yi wa yara, 1968.

Malamin Kwalejin Ilimi: Haka ne. Sun zaɓi wasu yara da ka, suka gaya wa malamansu wai gwaji ya nuna waɗannan za su yi fice. A ƙarshen shekara yaran suka fi sauran ci gaba, musamman 'yan aji ɗaya da biyu. An soki yadda aka yi aikin, kuma binciken baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka zuzuta ba, amma yana nan. Malamin da ya riga ya sa wa yaro suna jaki, ba ya jiran amsarsa ko daƙiƙa biyu.

Baba Tsohon Hedimasta: 'Ya'yana, bari in sa baki. Na taɓa yin wannan dabarar ta monita. Cikin sati biyu yaron ya mai da takardar masu surutu kasuwa: wanda ya ba shi alawa ba a rubuta shi, abokin gabarsa kuwa ko tari ya yi sai sunansa ya fito. Kuskurena shi ne na ba shi iko a kan yara. Ku dubi makarantar allo. Malam yakan ce wa almajiri ya biya wa na ƙasa da shi, amma abin da ya riga ya haddace yake biyawa. Ki ba shi aikin da ba hukunci a ciki, rabon littattafai, ɗauko alli, kulle taga. Sannan ki daina sa shi karatu a gaban aji sai kin ji shi ke kaɗai tukuna.

Malamin Lissafi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma da wane lokacin? Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Ni 94 ke gabana. In na tsaya lallashin ɗaya, saura 93 su hau tebur.

Malamar Aji Biyar: Nawa 80 ne, Malam, na san zafin. Amma minti goma nake ɓatawa a kansa kullum wajen tsawa da kora. Gara in mai da su bayan an tashi. Ranar Litinin zan gwada shi da littafin Hausa na aji biyu, ba kowa a wurin. Maganar monita na ajiye ta.

Malamin Lissafi: To, ki dawo mana da labari bayan sati uku. Sai dai ranar da ya sake fasa wa wani baki, ki san abin da za ki gaya wa uwar wanda ya fasa wa bakin, don ba za ta saurari zancen Kalifoniya ba.