Likitocin da ke zuwa mana ranar kasuwa sun daina zuwa, wai babu kuɗin mai

Malamin Firamare ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, kuma ni ne sakataren kwamitin lafiya na mazaɓarmu, ba don komai ba sai don ni kaɗai ke da biro a aljihu ranar da aka kafa shi. Akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, ina so masu sani su warware min.

A da, wata farar bas takan zo mana daga wani asibitin koyarwa sau biyu a wata, ranar kasuwa. Likita ɗaya ne da ɗalibai biyar ko shida. Sai su shimfiɗa benci a gaban asibitinmu na sha-ka-tafi, su auna jini, su auna suga, su duba masu ciki. A nan aka gano Baffana yana da hawan jini, shi kuwa a wurinsa ciwon kai ne na zafin rana. Aka ɗora shi kan ƙwaya ɗaya kullum, duk zuwa kuma sai sun tsare shi sun sake aunawa. Bayan an cire tallafin mai a 2023 zuwan ya fara tsallake, daga baya ya tsaya cak. Na kira likitan, ya ce min wallahi Malam ba daga gare mu ba ne, kuɗin mai ne babu.

Maganin Baffa ya ƙare, ya ji garau, bai sake saye ba. Da kaka ya faɗi a gona ana kaɗe riɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Kwana goma sha ɗaya muka yi a birni. Hoton kai, gwaje-gwaje, kuɗin gado, magani, ga abincin masu jinya: buhun riɗi huɗu da tumaki biyu suka tafi. Ba ƙorafin ma'aikata nake ba, sun kula da shi bakin gwargwado.

Lissafin ne ya ƙi zauna min. Da man da motar nan za ta sha zuwa garinmu, da ƙwayar da Baffa zai haɗiya shekara guda, ba su kama ƙafar abin da muka kashe a kwana goma sha ɗaya ba. To asibitin gwamnati ne, gwamnati ke biyan albashi, mu kuma ko safar hannu sai mun biya a kanta. Ina kuɗin ke shiga? In kuma mun roƙa sun dawo, wa zai biya, ko mu ne za a ƙara wa kuɗin gado?

Tsohon Akanta ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baffa lafiya, ya sa kaffara ne. Na yi aiki a sashen kuɗi na wani asibitin tarayya har na yi ritaya, don haka bari in faɗa maka yadda littafin yake daga ciki.

Albashin da kake magana gaskiya ne Abuja ke biya, amma kai tsaye yake faɗawa asusun ma'aikaci, asibiti ko ƙanshinsa ba ya ji. Kuɗin gini da sayen injina suna cikin kasafi, sai dai abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban. Saura kuɗin gudanarwa na wata-wata, wanda a zamaninmu ko takardar wuta ba ya rufewa. Duk sauran, wato gas na janareta, iskar numfashi, sinadaran ɗakin gwaji, masu shara da masu gadi na kwangila, gyaran injin hoto in ya tsaya, daga kantar nan da ka tsaya a layinta ake fitar da su. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta a yini, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, manyan asibitoci da yawa kuma a layin suke. Asibiti ba gida ba ne da za a ce a kashe firji a kwanta. Akwai jini a firjin, akwai jarirai a kwalba, akwai mai wankin ƙoda a kan inji.

Yanzu ga amsar tambayarka, kuma ba ta da daɗi. Lissafinka daidai ne, amma aljihu biyu ka haɗa wuri ɗaya. In bas ta zo Baffa bai faɗi ba, buhun riɗi huɗun nan a rumbunku suke zama, asibiti bai ga sisi ba. A littafinmu bas ɗin nan fita ce zalla: mai, taya, alawus na direba. Gadon da Baffa ya kwanta kuwa a shafin shiga ake rubuta shi. Ba wanda ke fatan wani ya faɗi, Allah shaida. Amma ranar da shugaban asibiti ya zauna da takardar wuta a hannun dama, takardar man bas a hagu, ka san wadda zai sa wa hannu.

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa nan ba. Shi ya sa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita, irin naku.

Malama Mai Awo ta rubuta:

Baba Akanta kun yi bayani, Allah ya saka. Amma Malam, ni ban yarda bas ce maganin matsalarku ba. Shekarata goma sha huɗu a asibitin ƙauye. Awon hawan jini ba sai likita ya taso daga birni ba, ma'aikaciyar da ke wurinku ta iya. Abin da ya kayar da Baffa, bayan ƙaddara, shi ne babu wanda ya bi shi gida ya ce ina maganinka, kuma da ya zo nema ma wataƙila babu shi a kabad.

Ka bincika ko asibitinku na cikin masu karɓar kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar lafiya ta 2014 ce ta kafa shi, ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa a samu asibiti ɗaya da kuɗin ke shiga asusunsa. In naku na ciki, shugaban kwamitinku yana cikin masu sa hannu. Kai da ke riƙe da biro ya kamata ka san abin da ake saye.

Sannan asusun magani mai juyawa. Tsohon tsari ne tun taron Bamako na 1987: a zuba jari sau ɗaya, a sayar da ɗan ƙaramin ƙari, a sake sarowa. Sau biyu na ga ya mutu a gabana, kuma duk ba sata ba ce, bashi ne. Ƙanin mai gari ya ɗauka sai kaka, surukar wane ta ɗauka sai an sayar da akuya. Ni ma na bayar, ba zan ɓoye ba, wa zai kalli yaro na suma ya ce kawo kuɗi?

Abin da nake so daga asibitin koyarwa bai kai man bas tsada ba. Lambar likita da zai ɗauki waya in mace ta fara jijjiga da tsakar dare. Da kuma takarda. Mu mukan rubuta mu tura, su kuwa in sun sallami mutum haka yake dawo mana da leda cike da magani, ba rubutun abin da aka gani, ba na abin da za mu ci gaba da yi.

Likitan Dare ya rubuta:

Anti Mai Awo, maganar takarda kin kama mu, ba musu. In ka duba mutum sittin a yini, takardar komawa ita ce ta farko da ke zubewa.

Baba Akanta, da izininku zan ɗan ja da magana ɗaya. Gadon mai shanyewar jiki ba riba ba ce kamar yadda littafi ke nunawa. Su Malam sun sami riɗin sayarwa. Da yawa ba su da shi, sai a sallame su su kasa fita, ko ma'aikata su yi karo-karo, ko asibiti ya yafe. Shi kuma gadon yana riƙe sati biyu, a ɗakin gaggawa ana ce wa wani babu gado. Rabin waɗanda nake gani da dare, a ganina, da an tare su a ƙauye da ba su zo ba.

Kuma fita ƙauye ba sadaka ba ce, karatu ne. Ba a yaye ɗalibin likita sai ya yi zaman karkara. Shi ya sa asibitin Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yake da cibiya a Kumbotso, na ABU Zariya kuma yake da tasa a Yakawada ta ƙaramar hukumar Giwa.

Inda aljihun nan biyu za su haɗu shi ne inshorar lafiya. Dokar 2022 ta wajabta ta a kan kowa, a takarda dai. A tsarinta, asibitin da ka yi rajista da shi ana ba shi kuɗi ƙayyadadde a kanka duk wata, ko ka yi ciwo ko ba ka yi ba. Ka ga nan lafiyar Baffa ta zama riba ga mai duba shi. Matsalar ita ce da yawa daga cikin masu rajista ma'aikatan gwamnati ne da ake cira daga albashinsu, kuma farashin da ake biyan asibiti kan bi bayan farashin kasuwa da nisa.

Manomin Fadama ya rubuta:

Likita, wannan ai adashi ne da ba lallai ka ɗauka ba, shi ya sa mutanenmu ke noƙewa. Kuma wa ya ce muku manomi na da kuɗi duk wata? A zo da kaka, a karɓi na shekara gaba ɗaya, ko da tiya-tiya ne na riɗi ko shinkafa. A cikin Agusta kuwa ko ɗan uwanka ba ka tambaya.

Wasu kuma kalmar inshora ce ke tsorata su, suna ganin da caca a ciki. Na Kano da suka kira shi taimakekeniya sun fi dabara. A sa limamai su yi bayani, a kuma nuna wa masu fitar da zakka cewa za su iya biya wa marayu da zawarawa.

Malamin Firamare ya rubuta:

Na gode ƙwarai, kowa Allah ya biya shi. Baba Akanta, maganar aljihu biyu ta hana ni barci, don na karanta wa mai gari ita jiya bayan la'asar, ya yi shiru ya ce to ashe mu da su duk a rana muke.

Malama, na je na tambaya. Namu ba ya cikin masu karɓar kuɗin, na garin da ke gaba da mu ne aka zaɓa a mazaɓar, kuma shekara uku ina sakatare ban taɓa neman ganin takardunsa ba. Wannan laifina ne.

Ga abin da kwamiti ya tsayar. Ba za mu roƙi bas sau biyu a wata ba. Za mu rubuta mu nemi sau ɗaya duk wata uku, mu kuma mu ɗauki man, daga tiya ɗaya ta riɗi kowane gida da kaka. Tsakanin zuwa da zuwa, ma'aikaciyarmu za ta buɗe littafi na masu hawan jini da suga, ta riƙa aunawa ranar kasuwa, wanda bai zo ba a aika masa yaro. Ta ƙirga mutum ashirin da uku daga tsohon littafin da ɗaliban suka bari. Bakwai kawai ke shan magani har yanzu. Kan asusun magani an yi ta ja-in-ja, don mai gari ya ce shi ba zai iya hana bashi ba, sai dai a sa wani baƙo ya riƙe makulli. Ba a gama wannan ba.

Baffa ya fara takawa da sanda, bakin ne dai bai saki sosai ba. Likita, in akwai mai sani: wasiƙar nan, ofishin shugaban asibiti ake kai ta ko sashen da ke fita da ɗalibai ƙauye? Ranar Litinin nake son shiga motar asuba.