Shawarwarin Masu Kiwon Kyanwa a Agege Kan Abin Wuya

Da muka tattauna da maƙwabta masu kiwon kyanwa a Agege, mafi yawanmu mun yarda cewa ko kyanwar da ba ta fita tana buƙatar abin wuya, domin a gidan haya na Legas ƙofa ba ta zama a rufe, kuma ƙarar janareta ko ruwan damina da ya shigo tsakar gida ya isa ya firgita ta ta tsere.

An fi jaddada cewa a sayi irin wanda maɓallinsa ke ɓallewa da kansa idan ya maƙale a ƙarfen taga, saboda igiya ko tsumma na iya shaƙe ta. A bar sararin yatsu 2 tsakaninsa da wuya, a rataya lambar waya kawai, ba adireshi ba.

Wata dattijuwa ta ƙi a rataya ƙararrawa a abin wuyan, ta ce tana korar ɓera tun daga nesa, kuma ina ganin tana da hujja. Wasu sun ƙara da ƙwayar shaida, mai girman ƙwayar shinkafa, da likitan dabbobi ke sanyawa ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, ko da yake ba ta nuna inda kyanwa take; lambar shaida kawai ke cikinta, wadda sai da na'ura ake karantawa.

An gargaɗe mu sosai kada a sa mata maganin ƙuma na kare mai sinadarin permethrin, domin yana iya kashe ta.