Na gaji da rubuta "lafiya, iyali, aiki" kullum dare

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau sati uku ke nan da na fara rubuta abubuwa uku da nake gode wa Allah a kansu kafin in kwanta. Da farko abin ya yi min daɗi, yanzu kuwa na zama aku: lafiya, iyali, aiki, kullum su ke nan. Jiya da safe na kwashe minti ashirin ina neman makullin mota, na daka wa yara tsawa har ƙaramin ya fashe da kuka, ashe yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata. Haka na wuni ina cika ina batsewa. Da dare ko littafin ban buɗe ba. To ina amfanin rubutun idan makulli kaɗai ya isa ya ɓata min yini?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a ganina kin ɗauko manya ne, su kuwa ba sa canzawa daga Litinin zuwa Talata, dole ki ƙosa. Ki sauko kan ƙanana. Maimakon "iyali", ki rubuta "babbar ta ɗaure wa ƙaninta igiyar takalmi ba tare da na sa ta ba". A binciken da masanin halayyar ɗan Adam Martin Seligman da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, an ce wa mutane su rubuta abubuwa uku masu kyau da suka faru a ranar, tare da dalilin faruwarsu. Wannan dalilin shi ne ke tilasta wa mutum ya tsaya ya yi tunani. Kuma ba lallai kullum ba. A gwajin farko na masana halayyar ɗan Adam Robert Emmons da Michael McCullough a Amurka, wanda ya fito a 2003, sau ɗaya a mako ake rubuta abubuwa biyar, tsawon mako goma, kuma masu rubuta godiya sun fi masu lissafa abubuwan haushi jin daɗin rayuwarsu.

Tsohuwar Ma'aikaciya:
'Yata, ki yafe min, na yi dariya har da hawaye. Ni tabarau na taɓa nema yana kan goshina, har na zargi jikata. Tun daga ranar na ɗauki wata dabara: duk abin da ke yawan ba ni haushi sai in raɗa masa suna. Akwai wata durowa a ɗakina da ba ta buɗewa sai an lallaɓa ta, sunanta Ranka Ya Daɗe. In ta cije sai in ce, "Ranka Ya Daɗe bai tashi daga barci ba." Da wuya ki ci gaba da fushi da abin da kika gaisar. Yanzu jikokin ma haka suke kiranta.

Amma ki kula. Ki yi wa kanki da makullin dariya, kada ki yi wa yaron. Shi hakuri za ki ba shi tukuna, don shi bai ga abin dariya a safiyar nan ba. Kuma ba kowace damuwa ake wasa da ita ba, wata sai an zauna an yi magana.

Ɗan Auta:
Anti, ki buga ƙusa a bayan ƙofa ki riƙa rataye makullin. Ba komai ne ke bukatar bincike ba.

Uwar Biyu:
Ɗan Auta, ƙusar tana nan tun bara, ni ce ba na ratayewa. Mama, na ba shi hakuri ɗazu, ya ce ya yafe amma shi zai riƙa ajiye makullin, ya kuma sa masa suna Ɓatan Dabo. Shi na rubuta yau.