Wa zai shiga gasar ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ta 2026 a matsayin lamba ɗaya? (Hira ce da aka yi a watan Afrilun 2025, bayan kammala gasar shekarar.)

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Masu hasashe sun fara fitar da jerin jami'o'i 68 da suke ganin za su shiga gasar Maris ta baɗi, kuma na ga wasu suna ɗora Purdue a kan Houston. Wallahi abin ya ɓata mini rai. Ƙungiyar da ta fitar da Duke, ta kai wasan ƙarshe, 'yan wasanta Emanuel Sharp da Joseph Tugler suna nan, kocinta Kelvin Sampson yana nan, ita za a mayar ta biyu? Ku rubuta ku ajiye, Houston ce lamba ɗaya a 2026. Florida ma da ta ɗauki kofin bana sa'a ce kawai.

Usaini Zariya: Sa'a?? Yaya, ka ce sa'a?

Baban Khalifa: Na faɗa, na kuma maimaita. 65 da 63 suka ci Houston ɗinmu a wasan ƙarshe. Duk tsawon wasan nan Florida ba ta yi jagoranci ba sai na minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi.

Usaini Zariya: To ai wannan ne abin yabo. Kuna gaba da maki 12 bayan hutun rabin lokaci, suka biyo ku a hankali har suka kamo ku. Walter Clayton, tauraron Florida, bai ci ko maki ɗaya ba kafin hutu, abokin wasansa Will Richard ne ya riƙe ƙungiyar. Ni ban yi barci ba daren nan, wajen ƙarfe biyu na dare aka fara a nan, na kalla har ƙarshe. A daƙiƙoƙin ƙarshe ƙwallo na hannun Sharp, ya yi tsalle zai jefa mai maki uku, Clayton ya taso masa da hannu a sama, sai ya saki ƙwallon a ƙasa ya tsaya yana kallonta tana dira don in ya taɓa laifi ne. Condon na Florida ya faɗa kanta, lokaci ya ƙare. Ko jefawa ba ku samu kun yi ba. Ina sa'a a nan? Tsaro ne.

Hajiya Bilki: In dai maganar sa'a za a yi, Baban Khalifa, kai ne bai kamata ka buɗe baki ba. Duke na gaba da ku da maki 14, saura kamar minti takwas. Aka busa wa Cooper Flagg, tauraron Duke, wani laifi a ƙarshen wasa wanda har gobe ban yarda da shi ba, da shi kuka wuce gaba. Wannan me sunansa?

Baban Khalifa: Hajiya, da girmanki. Wannan juriya ce. 70 da 67.

Hajiya Bilki: Au, in ku kuka farke maki 14 juriya ce, in Florida ta farke 12 a kanku sa'a ce. Allah ya kyauta.

Ɗan Maraɗi: Ai Bahaushe ya ce sa'a ta fi manyan kaya. Ni ban ga abin zagi a kalmar ba. Gasar da in aka ci ka sau ɗaya ka tafi gida, wa zai ɗauke ta ba da sa'a ba? A 2018 UMBC, lamba 16, ta fitar da Virginia, lamba ɗaya, da tazarar maki 20. Shekara na zagayowa Virginia ta ɗauki kofi.

Usaini Zariya: Malam, wannan misalin ma ni ya taimaka. Gasar ɓangare huɗu ce, kowanne da lamba ɗayansa, bana fa dukan masu lamba ɗaya huɗun ne suka kai zagayen kusa da na ƙarshe, Auburn, Florida, Duke, Houston. Rabon da a ga haka tun 2008. Shekarar da manya suka share kowa ita za a kira shekarar sa'a?

Malam Iro: Jama'a, tambayar fa a kan jerin baɗi take. Ni a ganina duk hasashen watan Afrilu cinikin biri a sama ne. 'Yan wasa yanzu suna sauya makaranta yadda suka ga dama, tun 2021 kuma aka ba su damar samun kuɗi da sunansu, wanda ya fi biya shi ke ɗauka. Wasu sun miƙa suna NBA, gasar ƙwararru, ba a san ko za su janye ba. Ku tuna North Carolina. Ta kai wasan ƙarshe a 2022, aka sa ta lamba ɗaya kafin a fara kakar da ta biyo baya, ƙarshenta ko gasar ba ta shiga ba. Kuma guraben ma iri biyu ne, 31 na zakarun rukuni-rukuni ne kai tsaye, sauran 37 kwamiti ke zaɓa.

Baban Khalifa: Kwamitin da ya kwashi ƙungiyoyi 14 daga rukunin SEC, na su Florida da Auburn, kaɗai ya zuba? Shi ma wani abin dubawa ne.

Usaini Zariya: Biyu daga cikinsu sun kai huɗun ƙarshe, ɗaya ta ɗauki kofi. Ka dai ce SEC ɗin ma gaba ɗaya sa'a ce mu huta.

Baban Khalifa: Usaini, kai ko ƙafarka ba ka taɓa sawa a Florida ba, me ya haɗa ka da su? Mu Houston muna da dalili. Hakeem Olajuwon, tsohon tauraron NBA, ɗan Najeriya, daga Legas ya zo makarantar nan.

Usaini Zariya: Yaya, Rueben Chinyelu da ya fara wasan ƙarshe wa Florida ɗan wace ƙasa ne? Ɗan Najeriya ne, ya bi ta makarantar NBA da ke Senegal, yau yana da kofi. Hakeem ya kai wasan ƙarshe a 1983, NC State ta ci su 54 da 52. Ya koma a 1984, Georgetown ta ci su. Yanzu ga 2025. Sau uku ke nan, babu kofi ko ɗaya. Wannan ma rashin sa'a ne?

Baban Khalifa: Kar ka kuskura ka haɗa Hakeem da yaron da aka haifa jiya. Ka ji kunya mana.

Usaini Zariya: Ban haɗa su ba, kofin jami'a na ƙirga.

Sadiku Fagge: Ku kuna ta faɗa a kan makarantun Turawa, Kano Pillars tana da ƙungiyar kwando da ta sha ɗaukar kofin Najeriya, cikinku wa ya taɓa zuwa kallonsu?

Hajiya Bilki: Sadiku, buɗe naka zauren. Ni maganar alƙalin wasan nan ba a ba ni amsa ba har yanzu.

Ɗan Maraɗi: Purdue fa da aka fara magana a kanta? Tauraronsu Braden Smith ya ce zai dawo, ina ganin shi ya sa ake ɗaga su.

Baban Khalifa: Purdue da Fairleigh Dickinson ta kora a zagayen farko a 2023? Purdue da muka fitar bana? A bar maganar.

Ɗan Maraɗi: Da maki biyu kuka fitar da su, saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya. In na kira shi sa'a za ka yarda?

Baban Khalifa: Wannan dabarar koci ce, an tsara ta.

Hajiya Bilki: To ni zan taƙaita tunda ni ce mai kula da zauren, dare ya yi. Abin da na fahimta, kowa ya ga cewa Houston ba ta cancanci zuwa wasan ƙarshe ba in ba don busan da aka yi wa Flagg ba, don babu wanda ya iya musa mini. Usaini ya yi gaskiya a kan Florida, amma Clayton ya gama wasan jami'a, sai mu ga abin da za su yi ba shi. Malam Iro ya ce hasashe ba shi da amfani yanzu, na yarda da shi a kan ƙananan makarantu. Duke kuwa ko Flagg ya tafi, Cameron Boozer da ɗan uwansa Cayden suna tafe, koci Jon Scheyer yana nan. Duke ce lamba ɗaya a 2026, Houston ta nemi lamba biyu. Na rufe.

Baban Khalifa: Hajiya, wa ya ce Houston ba ta cancanta ba? Nuna mini mutum ɗaya ban da ke.

Usaini Zariya: Yaya, ka fara janye kalmar sa'a tukuna.