An sallame ni daga sojan Amurka saboda wiwi: wa ya taɓa neman a gyara masa takarda?

Ɗan Maraɗi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in iya rubuta ta. Na shiga sojan ƙasa na Amurka a 2011, aka kai mu Afganistan a 2012, muka yi wata tara. Na dawo da ƙafafuna da hannayena lafiya, amma barci ya ƙaurace mini. Ko ƙofar mota aka rufe da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Wani abokin ɗakina ya miƙo mini wiwi, ya ce za ta sa ni barci, kuma ta sa ni. Gwajin fitsari ya kama ni, kwamanda ya cire mini igiya ya yanke albashi. Bayan wata biyar ya sake kama ni. A 2014 aka sallame ni da OTH, wato sallamar da ba ta girmamawa ba. Ina da damar zama gaban kwamiti in kare kaina, amma na sa hannu na yafe, don a lokacin so nake kawai in fita in huta.

Takardar DD 214, wato takardar shaidar sallamata daga soja, tana ƙasan akwatina, cikin aljihun wata tsohuwar babbar riga. Mahaifina har gobe yana gaya wa mutane ɗansa ya gama aikin soja lafiya. Yanzu babbar mota nake tuƙawa, shekara bakwai rabona da wiwi, na yi aure, 'ya'yana biyu. Ranar da zan bar bariki wani saje ya ce mini kada in damu, bayan wata shida takardar za ta koma ta girmamawa da kanta. Na jira har na gaji. Duk wanda ya taɓa bin wannan hanya, don Allah ya gaya mini yadda ta kaya masa, mai daɗi da marar daɗi.

Baban Humaira

Wa alaikumus salam ƙanina. Zancen wata shida ka binne shi. Babu takardar da ke canza kanta, ni ma da wannan tatsuniyar aka rako ni bakin ƙofa.

Tawa sallamar ta janaral ce, wato ta tsakiya tsakanin ta girmamawa da OTH, a 2010, bayan na dawo daga Iraƙi. Ƙwayar rage zafi ce ta kayar da ni. Likita ya rubuta mini saboda ciwon baya, da ta ƙare na ci gaba da nema a hannun mutane. Sallamar janaral ba ta hana ni zuwa asibitin hukumar tsofaffin sojoji, VA, amma ta hana ni kuɗin karatu na GI Bill, wanda sai mai sallamar girmamawa ake ba shi. Kuma saboda karatun nan na shiga soja tun farko.

A 2015 na cike fom DD 293 na aika wa kwamitin duba sallama. Abin da na haɗa da shi wasiƙa ce mai shafi ɗaya: na tuba, ina da iyali, a ji tausayina. Aka ƙi. Na yi fushi sosai, amma da na zauna na karanta amsarsu a natse sai na ga ban ba su abin kamawa ba. Su daga farko suna ɗauka cewa gwamnati ta yi aikinta daidai. Kai ne za ka nuna ɗayan biyu: ko an karya ƙa'ida wajen sallamarka, ko hukuncin ya yi maka nauyi idan aka duba duk abin da ya kewaye shi. Roƙo kaɗai ba ya shiga ko ɗaya daga ciki.

Karo na biyu wata lauya ta kyauta ta riƙe mini hannu. Ita ta sanar da ni umarnin ma'aikatar tsaron Amurka guda biyu, na Hagel na 2014 da na Kurta na Agustan 2017, waɗanda suka ce a sassauta wa mai ciwon firgicin da likitoci ke kira PTSD, ko buguwar ƙwaƙwalwa, ko wata larurar tabin hankali, ko wanda aka ci zarafinsa ta hanyar lalata yana cikin kaki. Ta ajiye mini tambayoyi huɗu na Kurta a kan tebur. Shin kana da larurar da za ta iya zama uzuri? Tana tare da kai lokacin kana soja? Da gaske ita ta ja ka ga laifin? Kuma nauyinta ya rinjayi laifin? Ta ce duk takardar da ba ta amsa ɗaya daga cikin huɗun nan ba, ko ba ta nuna halina na yanzu ba, in ajiye ta a gida.

Na nemi fayil ɗina na soja da na asibiti da fom SF 180. A ciki muka tarar da wani rubutun likitan bariki, layi uku kacal, inda na gaya masa ba na barci kuma ina mafarkin hanyar da muke sintiri, wata takwas kafin gwajin ya kama ni. Wallahi na manta na taɓa faɗar haka. Lauyar ta ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro ta ce, "Wannan ne ƙashin bayan shari'arka." Muka haɗa da rahoton likitan ƙwaƙwalwa wanda ya rubuta ƙarara cewa shan ƙwayar ƙoƙarin yi wa kai magani ne. Na nemi in bayyana da kaina, na je gaban kwamitin a Arlington, jihar Bajiniya, da kwat ɗin aro. Sun yi mini tambayoyi masu zafi, ban ɓoye komai ba. A 2019 sabuwar DD 214 ta iso ta gidan waya. A cikin mota na buɗe, na duba gida na 24, inda ake rubuta irin sallamar, na ga an gyara ta, na kifa kaina a sitiyari na yi kuka kamar yaro.

Ka lura da lokaci: wa'adin shigar da DD 293 shekara 15 ne daga ranar sallama. Taka za ta cika a 2029. Bayan nan sai hukumar gyara bayanan soja da fom DD 149.

Na Zongo

Yaya Baban Humaira, Allah ya sanya albarka. Amma bari in kawo ɗaya gefen don kada Ɗan Maraɗi ya ɗauka kowa ke dacewa. Ni sau biyu ana mayar da ni. Bambancina da ku, ni ban tsaya a sha ba, na sayar wa yara biyu a ɗakin kwananmu. Da maganar ta nufi kotun soja sai na nemi a sallame ni a madadin shari'a, aka ba ni OTH. Ina da shaidar PTSD ta gaske, likita ya tabbatar. Kwamiti ya ce ya yarda ciwon zai iya sa mutum ya sha, amma bai ga yadda zai sa ya ƙirga ƙwaya ya karɓi kuɗi ba. Na rasa bakin magana, don gaskiya suka faɗa.

Yanzu ina shirya na uku ta DD 149, kuma a kan umarnin ma'aikatar tsaro na Wilkie na 2018 zan tsaya, wanda ya ce a duba adalci da halin mutum bayan ya fita: aikinsa, tsawon lokacin da ya yi bai sake laifi ba, abin da ya yi wa jama'a. Shekara shida ina koya wa yaran unguwarmu a Bronx ƙwallo ranar Asabar. Ko za su duba, ko ba za su duba ba, zan aika.

Maman Sadik

Ni matar tsohon sojan ruwa ce, da izininsa nake rubutu. Abin da nake so Ɗan Maraɗi ya ji shi ne, kada ka jira takarda kafin ka nemi magani. Mu mun yi wannan kuskure shekara huɗu. Maigidana ya ɗauka mai OTH ko ƙofar VA ba ya taɓawa. Dare ya raba zan farka in same shi zaune a falo cikin duhu, ya sa wa ƙofa ido. Yara sun koyi tafiya da sanɗa a gidan ubansu.

Ashe VA tana da nata binciken daban. Idan ka nemi taimako za su duba yanayin sallamarka, su yanke ko ka cancanci kulawarsu, ba tare da an taɓa DD 214 ba. Ba su da ikon canza takardar, wannan na soja ne, amma suna iya buɗe maka ƙofar asibiti da ta diyya. A 2024 ma sun sassauta ƙa'idar, har wanda aka taɓa ƙi yana iya sake nema. Maigidana ta nan ya fara ganin likita, kuma rahoton wannan likitan ne muka haɗa da takardunmu na neman gyara. Wata goma sha huɗu ke nan muna jiran amsa. Kullum ni ke buɗe akwatin wasiƙa, shi ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Duk wanda dare ya yi masa tsawo har ya fara tunanin cutar da kansa, ya kira layin agajin gaggawa 988 ya danna 1, sashen tsofaffin sojoji. Ba sai kana da sallamar girmamawa za su saurare ka ba.

Kofur Ɗanlami

A taƙaice: neman gyara kyauta ne, ba a biyan ko sisi don shigar da fom. Ni na ba wani mutum dala 2,500 saboda ya rantse mini yana da hanya a ciki. Fom ɗin da zan iya cikewa da kaina ya cike, ko fayil ɗina bai nema ba. Daga baya ƙungiyar NVLSP, mai taimakon tsofaffin sojoji ta fuskar shari'a, ta haɗa ni da lauya ba tare da na biya komai ba. Akwai kuma Swords to Plowshares a San Faransisko, da wasu makarantun koyon lauya da ke da ofishin taimakon tsofaffin sojoji. Na jami'ar Yale ne ma suka kai ƙarar da aka sasanta a 2021, wadda ta sa sojan ƙasa ya koma ya sake duba ƙorafin mutane da dama da aka ƙi a baya.

Alhaji Mai Goro

Ni ban taɓa sa kaki ba, amma yara uku na rubuta wa wasiƙar shaida, don ina cikin kwamitin masallacinmu. Ta farko na cika ta da yabo: yaron kirki, ɗan mutunci, ba ya wasa da salla. Lauyansa ya dawo mini da ita, ya ce, "Alhaji, ka nuna ka san abin da ya yi, sannan ka faɗi abin da idonka ya gani tun daga lokacin." Na sake rubutawa: na san an kore shi saboda shaye-shaye, na san shi shekara biyar, shi ke buɗe masallaci da asuba, shi ya ɗauki gawar wani ɗan'uwanmu zuwa maƙabarta a motarsa cikin dusar ƙanƙara bai karɓi kuɗin mai ba. Ɗana, duk wanda za ka roƙa ya rubuta maka, sai ka fara gaya masa gaskiya. Na san a wurin Bahaushe wannan ya fi cike fom wuya. Ni dai yaran nan uku ba wanda ya ragu a idona.

Sa'adu Ɗan Agadas

Tambaya ɗaya, ɗan'uwa, kuma ba ƙarama ba ce: takardar zama ɗan ƙasa, ta soja ka same ta? Idan ta soja ce, doka ta ba da damar a soke ta ga wanda aka sallama da OTH kafin ya cika shekara biyar yana aiki da mutunci. Idan kuma har yanzu katin zama kake riƙe da shi, kamar ni a lokacin, duk abin da ka rubuta da hannunka game da wiwi zai iya biyo ka ofishin shige da fice, don a dokar tarayya haramun ce ko da jiharku ta halatta. Ni lauyan tsofaffin sojoji ya rubuta bayanina, lauyan shige da fice ya karanta kafin a aika, kuma ya canza jimloli biyu. Ba ƙarya muka yi ba, an dai faɗi abin da ya faru ba tare da ƙari ba. Bayan an gyara tawa zuwa janaral na shigar da neman zama ɗan ƙasa. Kada ka aika komai sai waɗannan biyun sun gani.

Na Zongo

Maganar Sa'adu ita ce babba. Na san wani ɗan Kumasi da ya yi ta jan ƙafa wajen zuwa jana'izar mahaifiyarsa saboda tsoron kada a tsare shi a filin jirgi idan zai dawo.

Ɗan Maraɗi

Allah ya saka muku da alheri, ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa mini. Sa'adu, ta soja na samu, a ƙarshen horon farko aka rantsar da mu, kuma shekara uku kawai na yi. Ban taɓa sanin wannan doka ba, jiya ban runtsa ba. Da safe na kira ofishin lauyoyin kyauta da ke garinmu, sun ba ni ranar Laraba ta sama, sun ce in zo da DD 214 da duk takardar da ke hannuna.

Na ciro ta daga aljihun rigar, duk ta yi lanƙwasa huɗu. Matata na tsaye a kaina, na miƙa mata ta karanta, karo na farko tun aurenmu. Ba ta ce komai ba, ta ɗauko ledar da muke ajiye takardun haihuwar yara ta sa ta a ciki.

Yaya Baban Humaira, na tuna a Kandahar na taɓa zuwa wurin likitan sansani kan rashin barci, ya ba ni wasu ƙwayoyi na kwana goma. Irin wannan rubutun na filin daga yana shiga fayil ɗin da ake samu da SF 180, ko sai na nema daban? Alhaji, idan na samu ƙarfin hali ranar Juma'a zan tsaya bayan salla in yi wa limaminmu magana. Baba kuwa ban san ta inda zan fara ba tukuna.