Zan kai Baba asibiti a Alƙahira, ya zan yi da masu tasi?

ɗan_ƙofar_sauri:
Assalamu alaikum jama'a, wata mai kamawa in Allah ya yarda zan kai Baba Misra ganin likita, ƙafa ce ta matsa mai, ni kuma ban taɓa fita waje ba, Larabcina na Islamiyya ne kawai, abin da ke damuna in mun sauka ya zan yi da masu tasi kar su cuce mu, ga Baba ba ya iya doguwar tsayuwa.

maman_biyu_daura:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ka sayi layi tun a filin jirgi ka kira mota ta manhajar Uber ko Careem, kuɗin na fitowa a waya kafin ka shiga. Farar tasi na da mita amma wasu ba sa kunnawa, ni ran da na sauka ninki biyu na biya, wallahi har yau abin na min ciwo.

dattijon_ƙofar_ƙaura:
Ɗana, ka sa a rubuta maka sunan asibitin da unguwar da Larabci a takarda. Lambar motocinsu ma da rubutun Larabci take, ka koyi 1 zuwa 9 tun yanzu don ka gane motarka. Ka riƙe ƙananan fam, wato kuɗin Misra, canji na wuya.

ɗan_ƙofar_sauri:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Yau da dare zan fara lambobin.