Kukar lantarki a soket ɗin kicin: ya isa, ko sai an ja sabuwar waya?

Uwargida (Jidda): Salamu alaikum jama'a. Mun sayi kukar lantarki mai kai biyar da oben. Maigida ya ce a sa mata filogi a cusa a soket ɗin firiji, wai jan sabuwar waya dabarar cin kuɗi ce ta masu gyaran wuta. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Kawu (Makka): Maigidanki ya yi gaskiya, 'yata. Tamu shekara tara tana soket, ko fis bai taɓa ƙonewa ba.

Mai wayarin: Kawu, Allah ya ƙara girma, taku ba ta gas ba ce?

Kawu: Ta gas ce, amma ai da wayarta.

Mai wayarin: Wannan wayar ta ƙyasta wuta ce da fitilar oben, ba ta cin komai. Hajiya, leƙa bayan taki, akwai ɗan ƙarfe mai rubutu. Me aka sa?

Uwargida: Sai da na haska da wayar hannu. An rubuta 9.6kW, wato wat 9600.

Mai wayarin: To kin ji. Filogin nan mai ƙafa uku amp 13 ne iyakarsa, wat 3000 ke nan ko ƙasa kaɗan. Taki idan aka kunna komai za ta ja kusan amp 42. Dole ta samu layinta ita kaɗai tun daga allon bireka (abin da ke yanke wuta idan ta yi yawa), da makunni a bango kusa da ita, da wayar ƙasa. Ni waya mai kaurin murabba'in milimita 10 zan ja mata.

Ɗan tasi: Malam ka cika tsoratarwa. Wa ke kunna kai biyar da oben lokaci guda? Waya mai kaurin 6 da bireka mai amp 32 sun wadatar.

Uwargida: Ɗan'uwa, ba ka shiga kicin ɗina da azumi ba. Kunu, shurba, mai na sambusa, kaza a oben, duk kafin Magariba.

Mai wayarin: Ɗan tasi, lissafinka ba ƙarya ba ne, ana yin haka. Amma zafin Jidda yana rage abin da waya ke iya ɗauka, balle wadda aka binne a bango. Ga wani abu kuma: tsofaffin gidaje a Saudiyya na kan tsarin wuta mai volt 127/220, tun 2010 aka fara komawa 230/400. A tsohon tsarin wayoyin 220 duka biyun na da wuta, sai bireka mai yanke biyun tare. A kuma duba ko mitar za ta ɗauka idan mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) uku na aiki.

Kawu: Ni dai da kun sayi ta gas kun huta.

Uwargida: An riga an biya, Kawu. Gidan kuma na haya ne, sai mai gidan ya yarda a fasa bango. Na tura wa maigida duk wannan, ya karanta, har yanzu bai ce uffan ba.